Musashi, tsohon lardin ƙasar Japon

Yara, ƙasar Japon tana can gabas mai nisa, cikin teku. A zamanin da, an raba ta larduna fiye da 60. Ɗaya daga cikinsu shi ne Musashi, wani babban fili mai yawan ciyawa.

A shekara ta 708, aka samu jan ƙarfe a duwatsun Musashi, aka kai wa sarauniyar ƙasar. Ta yi murna ƙwarai. A wannan shekara aka ƙera kuɗin ƙarfe a Japon.

A bakin teku akwai wani ƙaramin gari na masunta, sunansa Edo. A 1590, wani jarumi mai suna Tokugawa Iyeyasu ya zo ya zauna nan. A 1603 ya zama shogun, wato sarkin yaƙi. Sarkin ƙasa yana zaune a birnin Kiyoto, amma iko yana hannun shogun.

Sai mutane suka yi ta zuwa Edo: maƙera, masaƙa, magina da ƴan kasuwa. Gari ya cika, ruwan sha ya kasa, domin rijiyoyin bakin teku suna da gishiri. Yaya za a yi? A 1653 aka gina doguwar hanyar ruwa, wajen kilomita 43, daga kogin Tama. Birni ya samu ruwa, manoman filin ma suka samu. Bayan haka mutanen Edo suka kai wajen miliyan ɗaya.

A 1868 mulkin shogun ya ƙare. Aka canza wa Edo suna, ya koma Tokiyo, sarki ya ƙaura can. Daga 1871 aka yi sabon rabon ƙasa. Yau Japon tana da jihohi 47, babu lardin Musashi a cikinsu.

Amma sunan bai ɓace ba. A 2012 an gama wata hasumiya a Tokiyo, tsawonta mita 634. A harshensu, ana iya kiran shida "mu", uku "sa", huɗu "shi". Ku haɗa ku ji!

Tambayoyi
1. Me aka samu a Musashi a 708?
2. Don me aka gina hanyar ruwa?
3. Mene ne tsohon sunan Tokiyo?
4. Ku tambayi tsofaffi: garinku yana da wani suna a da?