Ƙarfen da ke hana mota kifewa

Sarkin Yamma gari ne na manoma da makiyaya cikin gundumar Madarunfa, jihar Maraɗi. In kaka ta yi, mutanensa kan kai gero da wake da gyaɗa kasuwa. Mafi yawa ƴar ƙaramar bas suke shiga, irin su Toyota Hiace. Mutane a ciki, buhuna a bisa, wani lokaci har da akuya.

Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin motar da fasinja ba ya gani. Sanda ne mai kauri, mai lanƙwasa a kowane gefe. Yana haɗa ƙafar gaba ta dama da ta hagu. An riƙe shi ga jikin mota da roba da kusoshi. Ba sabon abu ba ne. Wani mutumin Kanada, Stephen Coleman, ya yi rajistar wannan dabara tun 1919.

Mene ne aikinsa? In mota ta sha kwana zuwa dama, jikinta yana karkata zuwa hagu. Sai ƙarfen ya murɗe, ya ƙi yarda, ya rage karkatar. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san wannan. In gefe ɗaya ya rinjaya, kaya na ƙasa.

Hanyoyin ƙauye suna da ramuka da rairayi, ga zaizayar damina a gefen Gulbin Maraɗi. Wannan yana cinye robar da wuri. Sai direba ya riƙa jin ƙwanƙwasa a gaba duk lokacin da ya faɗa rami. Wani ya kai wa makanike a sake roba. Wani kuwa ya ce a kwance ƙarfen a ajiye, tun da mota tana tafiya ba shi.

Gaskiya ne tana tafiya. A miƙaƙƙiyar hanya ba a jin bambanci. Cikin gargada ma har ta fi laushi. Wannan shi ke ruɗin direba. Ranar da saniya ta ratso hanya, ko yaro ya fito da gudu, dole ya kauce da sauri. A nan ne motar za ta kwanta gefe ɗaya, bayanta ya juya, sitiyari ya ƙi jin magana.

Abu biyu ke ƙara haɗarin. Na farko kaya a bisa. Buhu 5 masu kilo 100 sun zama kilo 500 a saman mota, kuma duk nauyin da ke sama yana taimakon kifewa. Na biyu gudu. Ƙarfin da ke tura mota gefe a kan kwana, in tana gudun kilomita 60 a awa, ya ninka na kilomita 30 har sau 4.

Saboda haka direban da ƙarfensa ya lalace ya yi abu 3 kafin ya kai ga gareji. Ya rage gudu tun kafin ya shiga kwana, ba cikinta ba. Ya sa buhuna masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a bisa. Ya rage lodi. Wannan dabarar isa gareji ce kawai, ba ta zama gyara ba.

Fasinja ma yana da abin yi. In ya ji mota tana tangaɗi kamar jirgin ruwa, ya gaya wa direba ya sassauta. In kaya sun yi tsororuwa a bisa, ya jira wata motar. Ba rashin kunya ba ne.

Kuɗin roba da kusa bai kai kuɗin asibiti ba, balle asarar amfanin gona na shekara guda. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.