BABI NA HUƊU: NAƊIN KARIN KUMALLO NA LEDA DA MATSAYINSA GA LAFIYAR JIKI A BACIRAWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren abincin da mutanen Bacirawa suka gada wajen karya kumallo, kamar koko da ƙosai da ɗumamen tuwo da waina da ɗanwake. A wannan babi kuwa za a dubi wani baƙon abinci da kamfanoni ke naɗewa a leda ko a kwali, suna tallarsa da sunan abincin safe mai rage ƙiba. Za a yi ƙoƙarin gano abin da yake ƙunshe da shi, da abin da rubutun jikin ledar yake nufi, sannan a auna shi da bukatun mazauna wannan yanki, waɗanda akasarinsu manoma ne da 'yan ƙwadago da ƙananan 'yan kasuwa.

4.1 Ma'anar Naɗin da Asalinsa

Abin da ake nufi da naɗi a nan shi ne wata siririyar gurasa ta fulawa mai faɗi, wadda ake zuba wa ƙwai da cuku da ɗan sarrafaffen nama, a naɗe ta kamar tabarma, a daskarar da ita a firiza. Mai saye sai dai ya ɗumama ya ci. Ita wannan gurasa asalinta daga Meziko take, kuma ana cinikin naɗin a ƙasashe irin su Amurka, inda ma'aikata ke fita da sassafe ba su da lokacin girki, kuma kusan kowane gida yana da firij da wutar da ba ta ɗaukewa.

Irin wannan naɗi bai zama abincin yau da kullum a Bacirawa ba, amma danginsa sun daɗe da shigowa ƙasar Kano. Gala, wadda kamfanin UAC ya fara yi a shekarar 1962, fulawa ce aka naɗe nama a cikinta, kuma ana samunta a tashar mota da bakin titi. Haka nan shawarma ta bazu a birni, ga kuma biredi da ƙwai da Indomie a teburin mai shayi. Duk waɗannan gida ɗaya suka fito: farar fulawa da mai da gishiri. Saboda haka abin da za a faɗa a kan naɗin ya shafe su.

4.2 Abin da Kalmar Rage Ƙiba Take Nufi

Ƙarfin da abinci ke bai wa jiki ana auna shi ne da kalori. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki, shi ma 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Wannan ne ya sa idan kamfani yana son rage kalori sai ya fara da mai. Yakan cire kwanduwar ƙwai ya bar farin, ya sa cuku maras maiƙo, ya maye naman sa da na talotalo, sannan, wanda ya fi komai sauƙi, ya rage girman naɗin kansa.

A ƙa'idar hukumar Codex, wadda Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ba a cewa an rage wani sinadari a abinci sai ragin ya kai kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da irinsa na asali. Ba a kuma kiran abinci mai ƙarancin mai sai man da ke cikin giram 100 bai wuce giram 3 ba. Abin lura a nan shi ne, da'awar rage mai ko kalori ba ta ce komai a kan gishiri ba, ba ta kuma ce komai a kan ingancin fulawar ba. Mai saye ne kawai yake ɗauka cewa tun da an rage abu ɗaya, to an gyara sauran.

4.3 Gishiri

Wannan shi ne babban lahanin naɗin, kuma shi ne wanda harshe ba ya saurin ganewa. Idan aka cire mai daga abinci ɗanɗanonsa yakan yi salam, sai a cike gurbin da gishiri. Bayan haka kowane ɓangare na naɗin da nasa kason yake zuwa: gurasar tana da gishiri da hodar kumbura fulawa, cukun yana da shi, naman kuwa da gishiri aka adana shi tun farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sodiyam. Matsalar ita ce a jikin leda sodiyam ake yawan rubutawa, ba gishiri ba. Domin a gane yawan gishirin sai a ninka adadin sodiyam sau biyu da rabi. Alal misali, a ƙaddara an rubuta miligiram 600 a jikin naɗi ɗaya. Wannan giram ɗaya da rabi ke nan na gishiri, kusan sulusin kason yini gaba ɗaya. Idan naɗi ɗaya bai ƙosar ba aka ƙara na biyu, an cinye kashi 60 cikin 100 tun hantsi bai yi ba, alhali ga miyar rana da ta dare suna tafe da nasu gishirin da dunƙule. Yawan sodiyam kuwa yana daga cikin manyan dalilan hawan jini, wanda ke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda.

Ba yau ƙasar Hausa ta fara sanin wannan illa ba. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da shan kunun kanwa da wankan jego, domin ita kanwa cike take da sodiyam. Ke nan jikin da ya saba da kanwa a ɗanwake da miya ba ya bukatar wani ƙarin daga leda.

4.4 Fulawa da Nama da Batun Ƙoshi

Wajen yin farar fulawa ana cire dusar alkama da ƙwayar tsironta, inda mafi yawan harza da sinadarin ƙarfe da bitamin suke. Harza ita ce ɓangaren abinci da hanji ba ya narkarwa, amma tana jinkirta shigar sukari cikin jini, tana kuma sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Gaskiya ne tun shekarar 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki a Nijeriya, sai dai wannan bai mayar da harzar da aka cire ba. Mai ciwon sukari da ya ga an rubuta rage ƙiba ya saki jiki, to farar fulawa ya ci, ko da wane suna aka kira ta.

Dangane da nama, a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya sarrafaffen nama a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, ta kuma ƙiyasta cewa cin giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon dajin babban hanji da kashi 18 cikin 100. Wannan magana ce ta mai ci kullum, ba ta wanda ya ɗanɗana sau ɗaya ba. Har ila yau da yawa daga cikin naɗin da ake yi a ƙasashen Turai da Amurka da naman alade ake yin su, don haka dole Musulmi ya karanta jerin kayan haɗin.

Shin ma irin wannan abinci yana rage ƙibar? A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka sun ajiye mutum 20, suka ba su abincin masana'anta na mako biyu, da abincin da ba a sarrafa sosai ba na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kimanin 500 a yini, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Binciken ba a kan naɗi kaɗai aka yi shi ba, amma ya nuna cewa ƙarancin kalorin da aka rubuta a leda ɗaya ba shi ne ke yanke abin da mutum zai ci a yini ba.

4.5 Kwatanci da Koko da Ƙosai

Yankin da Bacirawa take yana cikin ƙasar noman da ta kewaye birnin Kano, wadda Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun shekarun 1960 saboda yawan jama'arta da yadda ake nome gona kowace shekara ba hutu, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Wannan haɗi na gona shi ne yake dawowa cikin kwanon safe. Busasshen wake yana da furotin kimanin giram 23 a cikin giram 100, da harza kimanin giram 10. Furotin ɗin gero yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wake kuwa yana da shi a wadace, saboda haka koko da ƙosai suna cike wa juna giɓi. Bugu da ƙari, jiƙa gero da tsamin da gasara ke yi suna rage abin da ke hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe.

Ba a ce abincin gida ba shi da aibu ba. Ƙosai yana shan mai, kuma man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana da illa. Sukarin da ake zabga wa koko da shayi sau da yawa ya wuce kima. Bambancin shi ne waɗannan a hannun mai girki suke. Za ta iya rage sukari, ta sauya mai, ko ta yi alale maimakon suya. Gishirin da ke cikin naɗi kuwa babu mai iya cire shi.

Akwai kuma tambayar wa aka yi wa abincin. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. A irin wannan wuri, abincin da aka rage wa ƙarfi da gangan bai dace da yaro mai tasowa ba, ko mai juna biyu, ko manomin da zai wuni da fartanya. Masu fama da ƙiba da ciwon sukari su ma akwai su, musamman masu zaman shago, amma su ne kuma gishiri da farar fulawa suka fi cutarwa.

4.6 Adanawa da Karanta Leda

Naɗi mai ƙwai da nama ana ajiye shi ne a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa ake gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. A ƙasar Kano, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40 kuma wuta ba ta da tabbas, naɗi yana iya narkewa ya sake daskarewa sau da dama kafin ya iso hannun mai ci, ranar lalacewar da aka buga a jikinsa kuwa ba ta zo ba.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar abincin leda, kuma dokarta ta 2022 a kan mai ta taƙaita daskararren man masana'anta mai cutar da zuciya zuwa giram 2 a cikin giram 100 na mai. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka abin da aka fara ambata shi ne gundarin abincin. Sai dai da Turanci ake yin rubutun, da ƙananan baƙaƙe, a ma'aunin miligiram, alhali uwar gida a Bacirawa da cokali da gwangwani da kwano take awo.