Ƙaton naman kaza na tsibirin Hainan

Kowane manomi ya san naman kaza mai laushi, wanda ke fitowa da damina ya yanƙwane cikin kwana biyu. To, yana da ɗan'uwa mai tauri, wanda ke manne wa jikin itace yana cin sa daga ciki har ya ruɓe. Abin da ido ke gani a waje ɗansa ne kawai. Ainihin jikinsa zare ne siriri da ya ratsa cikin itacen.

A shekara ta 2008 ne wasu masana biyu na ƙasar Sin, Cui Bao-Kai da Dai Yu-Cheng, suka bayyana wani sabon irinsa da aka tsinto a jihar Fujian. Waɗanda aka samu can ba su da wani girman a-zo-a-gani. Sunan da masana ke kiransa da shi yanzu shi ne Phellinus ellipsoideus.

Abin al'ajabi ya faru a shekara ta 2010 a tsibirin Hainan, can kudancin ƙasar. Cikin wani tsohon daji aka tarar da wannan iri manne a ƙarƙashin ƙaton itace wanda ya faɗi. Da aka auna, tsawonsa ya kai mita 10 da santimita 85, faɗinsa santimita 82 zuwa 88, kaurinsa kuwa bai wuce santimita 5 da rabi ba. An ƙiyasta nauyinsa tsakanin kilo 400 da 500, wato buhu huɗu ko biyar na gero masu kilo ɗari-ɗari. Shekarunsa kimanin 20. Fuskarsa ta ƙasa tana ɗauke da ƴan ramuka wajen miliyan 450, kuma ta nan ne irinsa ke zubowa kamar ƙura, iska ta kwasa.

Me ya ba shi wannan girma? Abinci da lokaci. Itacen babba ne, dajin na da laima, kuma ba wanda ya zo da gatari ya faskara shi don girki. A ganinmu, da kusa da gari ya faɗi, da tuni ya zama toka.

An sanar da duniya labarin a shekara ta 2011. Kafin nan, wanda ke riƙe da kambun girma wani iri ne dabam da ya tsiro a lambun Kew na birnin Landan, mai kewayen santimita 425.