Kafin a Haƙa Tushe: Rana, Inuwa da Sutura a Gidajen Tasawa da Mayahi

A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya sauka a Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Cikin abin da ya rubuta game da garin har da fasalin gidajensa: darni na dogayen kara mai tare idon masu wucewa, rumfa kusa da ƙofa inda ake karɓar baƙi, ɗakunan kara da na laka can ciki, ga manyan itatuwa sun lulluɓe gidan. Ba siminti, ba lantarki, amma abu biyu da magidanci ke nema a ƙasa mai zafi, inuwa da sutura, duk sun samu.

Yau in ka zaga sababbin unguwannin Tasawa, ko bayan garin Mayahi inda ma'aikatar magajin gari ke yanka filaye, wani abu daban za ka gani. A tsakiyar fili ake dasa ginin bulo, a rufa masa tol, a buɗe manyan tagogi duk inda titi ya kalla. Sai bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sannan a shiga neman fanka da labule. Ai a lokacin bakin alƙalami ya bushe. Ranar da aka ja igiya za a haƙa tushe, ranar ce ake yanke wa gida hukuncin zafi ko sanyi.

Ya kamata mai gini ya san hanyar rana kamar yadda manomi ya san ta. Tasawa da Mayahi suna kusa da digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka da azahar. Tsakanin waɗannan lokutan tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma kudu take bi. A Maris da Afrilu da Mayu, watannin da ake jin jiki, zafin tsakar rana a kan rufi yake sauka, bangon kudu da na arewa ba sa shan wani abin kirki. Bakin rufin da ya fito rabin mita kawai yana iya inuwantar da kusan mita biyu na bangon kudu da tsakar ranar Maris. Masifar tana ga gabas da yamma, inda rana ke zuwa a kwance, babu bakin rufin da zai tare ta. Ta yamma ta fi muni, don tana zuwa ne bayan la'asar, lokacin da ƙasa da iska sun riga sun gasu. Ɗakin kwanan da aka jingina da bangon yamma, aka kuma buɗe masa taga a can, har tsakar dare bai gama amayar da zafinsa ba.

To, dabarar ba ta cin ko dala: a miƙar da tsawon gini daga gabas zuwa yamma, ƙofofi da tagogi su kalli kudu da arewa. Bangon yamma a bar wa ɗakin ajiya, makewayi ko matakala. Gabas ma tana da nata: daga can hadari ke tasowa, ruwa ya riƙa dukan bango, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Iskar da ake so, mai ɗan sanyi ta gabanin damina, daga kudu maso yamma take busowa. Tsofaffin magina ba su karanta wannan a takarda ba, amma duba tsofaffin ɗakunan karkara ka ƙirga nawa ne ƙofarsu ta kalli gabas.

Sutura ita ce ta fi wuyar sha'ani, don sau da yawa tana karo da iska. Ka ɗaga katanga ka tsare iyali daga ido, ka tsare su daga iska kuma. Gidan gargajiya ya warware wannan da jeren wurare, ba da tsayin bango kaɗai ba. Daga titi sai zaure, wanda ƙofarsa ta ciki ba ta saitin ta waje. Daga nan ƙofar gida, inda samari da baƙi ke kwana, sai shigifa, sannan tsakar gida. Ido ba ya iya shan kwana, iska kuwa tana iyawa. Filin yau ba zai ɗauki duk wannan ba, gaskiya ne, ga mota ko babur na neman wuri. Amma guntun bango a tsaye bayan ƙofar shiga, da 'yar rumfar baƙi a gefensa, suna yin rabin aikin zaure. Taga kuma in an ɗaga ta sama da kan mai tsayuwa, tana fitar da zafin da ya taru a ƙarƙashin rufi ba tare da ta nuna kowa ba.

Abin da masu zanen gida na takarda kan manta shi ne, a bazara tsakar gida ce ɗakin kwana. Nan ake shimfiɗa tabarmin kaba, irin waɗanda matan Gulbin Kaba ke saƙawa, a ɗaura gidan sauro. Nan ake daka, a yi wanki, a shayar da jariri. Shi ya sa wanda ya kafa ɗakunansa a tsakiyar fili ya yi asara: ya yayyanka sararinsa zuwa lunguna huɗu, ba ɗaya da zai zaunu. A tura ɗakuna gefe, a bar fili guda mai faɗi. Sannan ga bene, wanda ya fara yawaita a bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Taga ɗaya ta sama tana iya kore matan gida uku daga tsakar gidansu. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya hana mutum cutar da maƙwabcinsa ta hanyar buɗe tagar da za ta tona shi, ko ƙofar da ke saitin tasa. Ni a ganina, kafin a ba da izinin ɗora bene, wannan tambaya ta cancanci a yi ta kamar yadda ake tambayar takardar fili.

Maganar kayan gini kuwa, kada a yi wa laka kirarin da ya wuce ta. Bango mai kauri na ƙasa yana jinkirta zafi sa'o'i da yawa, ɗaki ya yi sanyi da rana, amma da dare yana sakin abin da ya sha, kuma yana neman yaɓe duk shekara. Daminar 2024 ta rusa gidajen laka masu yawa a jihar Maraɗi, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Azara ma ta yi tsada, giginya da goriba sun ja baya. Sai dai maganin bai tsaya ga bulo da tol tsirara ba. Tun 1980 aka soma koyar da gini ba itace a Cikal, cikin yankin Filinge, rufin ƙubba na tubalin ƙasa zalla. A Yamai, Mariam Issoufou da abokan aikinta sun kammala rukunin gidaje shida mai suna Niamey 2000 a 2016, da tubalin ƙasa matsattse, benaye ne amma kowane da sararinsa a killace. Wanda kuma tol ɗin ne ƙarfinsa, ya ɗaga shi, ya sa silin ko zana a ƙarƙashi, ya bar tazarar da iska za ta ratsa tsakaninsu, ya shafa wa samansa farin fenti.

Dogaro da fanka ma yana da iyaka. Wutar wannan yanki ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta katse ta a Agustan 2023.

Sai itace. A jihar Maraɗi, wadda ta koya wa duniya sassaben zamani, ta mayar da gawo cikin gonakinta, bai dace a ce sabon fili da an saya sai a share shi ƙaƙaf ba. In akwai aduwa ko gawo a ciki, a zana gidan a kewaye da shi. In babu, a dasa bedi ta yamma da kudu maso yamma tun ranar da aka kafa turakun iyaka, a nisanta shi da tushe da ramin salga saboda saiwarsa. Yawancinmu a hankali muke gini, bana ɗaki, baɗi katanga, don haka kafin a kai ga rufi ya riga ya fara ba da inuwa.