Kamamme, Tsararre da Ɗaurarre: Mene ne Bambancinsu a Shari'a?

 

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, idan an ce "an kama wane", sau da yawa mukan ɗauka magana ɗaya ce. Alhali kuwa wanda aka rufe a caji ofis daban, wanda alƙali ya ɗaure daban, wanda kuma ɓarayin daji suka tafi da shi daban. Kowane da hukuncinsa, kuma rashin sanin wannan ya jawo wa gidaje da yawa asarar dukiya da mutunci.

1. Fursunan yaƙi

Shi ne wanda aka kama a fagen fama, a yaƙin da shugaba ya jagoranta. Da Larabci sunansa asir. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Musulmi sun kama mutum 70 daga Ƙuraishawa. Annabi (SAW) ya yi umurni a kyautata musu. Wasu danginsu suka fanshe su da dukiya, wasu aka sake su kyauta, waɗanda suka iya rubutu kuwa aka ce kowane ya koya wa yaran Madina 10, wannan shi ne fansarsa. Kun ga darajar allo da alƙalami ke nan. Suratul Insan, aya ta 8, ta yabi masu ciyar da kamamme tare da miskini da maraya.

A mazhabarmu ta Malikiyya, littafin Muhtasar na Shaihu Halil ya nuna cewa idan Musulmi ya faɗa hannun abokan gaba, daga baitulmali ake fara fansarsa, in babu sai dukiyar Musulmi, sannan tasa. Wato ba a bar wa iyalinsa nauyin su kaɗai ba.

2. Wanda aka yi garkuwa da shi

Wannan ba fursunan yaƙi ba ne, wanda aka zalunta ne. Mu a nan ba labari aka ba mu ba. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 ran 17 ga watan. Bayan kwana biyu kacal, aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta a ƙaramar hukumar Ɗandume, suna dawowa daga Mauludi, Allah Ya taimaka aka kuɓutar da su.

Mai wannan aiki a Shari'a sunansa muharibi, wato mai tare hanya da makami, kuma Suratul Ma'ida aya ta 33 ta faɗi hukuncinsa mai tsanani. A 2019 Jihar Katsina ma ta gyara dokarta, ta sanya hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane. Kuɗin da ya karɓa haramun ne. Haka mai kai masa labarin wanda ya sayar da masara ko auduga, da mai kai masa abinci ko man fetur da son ransa, duk suna da kamasho a zunubin. Wanda ya dawo daga daji kuwa, namiji ne ko mace, ba shi da laifin kome. Kada a yi masa gori, kada a ƙi auren 'yarsa, kada a tsare shi da tambayoyi.

3. Tsararre

Shi ne wanda hukuma ta riƙe saboda tuhuma, ba a kai ga yanke masa hukunci ba. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36, ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 kuma ya ba shi waɗannan haƙƙoƙi:

(a) A sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji.
(b) Yana iya yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa.
(c) A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, wannan wa'adi bai shafe shi ba.
(d) Idan an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri.

Iyaye, ga abu biyu da ya kamata ku riƙe. Na ɗaya, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. In ɗa ya gudu, ba a rufe tsohonsa ko matarsa. Alƙur'ani ya riga ya faɗi wannan a Suratul An'am aya ta 164, cewa ba mai ɗaukar laifin wani. Na biyu, dokar ta hana kama mutum don bashi kawai. Manomin da ya ci bashin taki, damina ba ta yi kyau ba, maganarsa ta sulhu ce ko ta alƙali, ba ta caji ofis ba. Suratul Baƙara aya ta 280 ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Amma mai hali da ya ƙi biya da gangan, malamai sun ce alƙali yana iya tsare shi har ya biya. Sannan beli a wurin 'yan sanda kyauta ne.

4. Ɗaurarre

Shi ne wanda alƙali ya saurari shari'arsa, ya same shi da laifi, ya yanke masa wa'adi. A zamanin Annabi (SAW) ba a gina kurkuku ba. Sumamatu ɗan Usal a jikin ginshiƙin masallaci aka ɗaure shi, bayan kwana uku aka sake shi, ya je ya yi wanka ya dawo ya musulunta. Da jama'a ta yi yawa, a zamanin Sayyidina Umar aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka kan dirhami 4,000 aka mai da shi kurkuku. A ƙasar Hausa kuma Yari shi ne mai kula da ɗaurarrun sarki, shi ya sa muke cewa gidan yari. A 2019 gwamnati ta sauya sunan zuwa gidan gyaran hali, kamar wanda muke da shi a Funtua.

To, amma ba duk na ciki ne mai laifi ba. Da yawa jiran shari'a suke yi, wasu kuma tara ce 'yar kaɗan suka kasa biya. Ai Annabi Yusufu (AS) ma ya yi shekaru a kurkuku ba da haƙƙinsa ba. Don haka a ziyarce su, a kai musu abinci da sabulu da Alƙur'ani, mai hali ya biya wa mai ƙaramar tara. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta ga talaka, wadda aka kafa tun 1976.

Ɗalibai, ku karanta wa iyayenku wannan a gida, musamman waɗanda ba su yi boko ba. Allah Ya kuɓutar da 'yan uwanmu da ke hannun azzalumai, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.