Kafin Ka Sauya Kalmar Sirri, Karanta Saƙon Rumbun Bayanai

Da zarar rumbun bayanai ya hana mutum shiga, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya mance kalmar sirri, alhali saƙon da ya bayyana yakan nuna inda gizo ke saƙa. A rumbun MySQL, lamba 2003 a saƙon na nufin ba a ma isa ga rumbun ba, wataƙila a kashe yake ko an toshe mashigarsa ta 3306. Lamba 1045 kuwa na nufin an isa amma an ƙi mutum, kuma ko kalmar daidai take hakan na faruwa, domin MySQL na haɗa sunan mai shiga da kwamfutar da ya fito. Haka kuma fitowar MySQL 8.0 a 2018 ta sauya hanyar tantancewa, wasu tsofaffin manhajoji suka kasa shiga.

Wani zai ce sauya kalmar ya fi sauri. Sai dai duk manhajar da ke riƙe da tsohuwar za ta tsaya cak, garin neman gira a rasa ido. A fara karanta lambar, sannan a taɓa kalmar sirri.