Sukari da Sitaci: Bayanin Kabohaidiret a Darasin Kimiyya da Hausa

Babbar matsalar da malami kan ci karo da ita wajen koyar da wannan darasi ita ce kalmar "sukari". A wurin ɗalibi, sukari shi ne farin garin da ake zubawa a shayi ko koko. A ilimin kimiyya kuwa, suna ne na dangi guda, waɗanda ke cikin babban rukunin abinci da ake kira kabohaidiret.

Kabohaidiret ya ƙunshi sinadarai uku: kabon da haidirojin da oksijin. Tsirrai ne ke haɗa shi a ganyensu daga ruwa da iskar kabon-dayoksaid, da taimakon hasken rana. Mafi sauƙin siffarsa shi ne sukari tilo, wato gulukos da furuktos da galaktos. Dukkansu C6H12O6 ake rubuta su, sai dai jerin ƙwayoyinsu ya bambanta. Idan biyu suka haɗu sai a sami sukari tagwai: gulukos da furuktos su ba da sukuros na rake, gulukos da galaktos su ba da laktos na madara. Idan kuwa ɗaruruwan gulukos suka sarƙu kamar 'ya'yan carbi, sai a sami sitaci, wanda ke cikin gero da dawa da masara da rogo. Shi ne dai wanda ake sa wa tufafi kafin guga.

Jiki ba ya amfana da sitaci sai ya tsinka shi. Aikin yana farawa tun daga baki, inda sinadarin amilas na cikin yawu ke kama shi. Shi ya sa gurasa kan yi ɗan zaƙi in an daɗe ana tauna ta. A ƙaramin hanji ake ƙarasa aikin, gulukos ya shiga jini. Kowane giram yana ba da kimanin kilokalori 4, wani ɓangare na rarar kuma a adana shi a hanta da tsoka.

Rashin bambance waɗannan ma'anoni yana da illa. Sau da yawa mai ciwon sukari kan ƙaurace wa sukarin shayi, amma ya zauna ya cinye malmala uku ta tuwon shinkafa, bai san gulukos za su koma ba. Saboda haka ana ba da shawarar manhaja ta keɓe "sukarin rake" ga na shayi, ta bar "sukari" ya zama sunan dangin baki ɗaya, kuma malami ya fara darasin daga tuwon da ɗalibi ya ci jiya da dare.